Gashin ƙashi ta wayar hannu: yadda Baba ya sake takawa a ƙauyenmu na bakin Rahad

Takardar sallamar da aka ba mu a asibitin Gadarif, a gabashin Sudan, layi huɗu ce. Uku na magunguna ne, na huɗun ya ce a riƙa kai Baba gashin ƙashi sau uku a mako. Wanda ya rubuta bai yi laifi ba, abin da ya kamata ya rubuta ke nan. Sai dai mu ƙauyenmu yana can bakin kogin Rahad, inda ko da rani sai mutum ya sha rabin yini a bayan lori kafin ya ga kwalta. Da damina kuwa baƙar lakar ƙasar Gadarif ba ta barin komai ya wuce sai tarakta. Sau uku a mako da dattijon da ko zama ba ya iya yi da kansa, wannan zancen mutanen birni ne.

A Janairun 2024 shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ana tsakiyar kwasar dawa. Ya fito zai yi alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, ya yi yunƙurin kiran Inna amma ba kalmar da ta fito. Da shekarun baya ne, Khartum za mu nufa ko Madani. Khartum yaƙi ya cinye ta tun 15 ga Afrilun 2023. Madani kuma, inda likitocin Khartum da majinyatansu suka fake, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar a Disamba, makonni kaɗan kafin ciwon Baba. Jama'a suka kwararo gabas. Haka muka tarar da Gadarif, mutane kwance a makarantu da tashar mota, kowane gadon asibiti akwai mai tsaye yana jiran a tashi a kansa.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe jijiya ta hagu. Shi ya sa ɓarin dama ya mutu, magana ma ta tafi, don a wajen yawancin mutane can hagun take zaune. Likita ya ce wannan nau'in ya fi yawa, wajen kashi 85 cikin ɗari, sauran kuma jijiya ce ke fashewa jini ya malala. Masu ɗura wa mara lafiya asfirin tun daga gida su ji wannan da kyau: sai an ɗauki hoto ake sanin wanne ne, in kuwa fashewa ce asfirin ƙara ɓarna zai yi. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma sai cikin awa huɗu da rabi na farko. Mu bayan la'asar muka iso, ba a ma tayar da zancenta ba.

Yayana da ke aikin tuƙi a Jidda shi ya samo mana wani likitan gashin ƙashi, ɗan Sudan, wanda yake aiki a Omdurman kafin yaƙi ya fitar da shi. Ya yarda zai riƙa duba Baba ta WhatsApp, Yaya ya riƙa biyansa. Ni dai raina bai kwanta ba, don a sanina gashi aikin hannu ne, hannu kuma ba ya ratsa waya. Amma makarantar da nake koyarwa a rufe take tun farkon yaƙi, lokaci ne kawai nake da shi a yalwace, sai na ce a gwada.

Kiran farko bai ce Baba ya motsa ko yatsa ba. Cewa ya yi in ɗaga waya in zagaya da shi gidan. Ya ga angarib ɗin Baba, gadon igiyar nan namu wanda tsakiyarsa ta lotsa, ya ce ko mai lafiya sai ya yi nishi kafin ya tashi daga nan. Aka shimfiɗa katako ƙarƙashin katifa, aka ɗora ƙafafun gadon a kan bulo har tsayinsa ya zo daidai gwiwar Baba. Ya ga dokin ƙofa, ya ga tazarar da ke tsakanin ɗaki da bayan gida, ya tambayi wa ke kwana kusa da shi, wa ke da ƙarfin ɗaga shi, wa ke girki. Ya kuma ce mu sayi na'urar awon hawan jini mai batir da littafin rubutu, a auna safe da yamma a rubuta. Maganin hawan jini da na rage kitse ba shi zai taɓa su ba, wannan na likitan da ya rubuta su ne da mataimakin likitan da ke ɗakin shan magani na garin da ke kusa da mu.

Sannan ya kafa mana dokoki, ya ce in maimaita wa Inna da Hausa yana ji. Duk awa biyu a juya Baba, a duba ƙugu da diddige ko sun yi ja, don gyambon kwanciya ya fi saurin kayar da irin waɗannan majinyata. Kada a ba shi ruwa ko abinci a kwance. A zaunar da shi ƙyam, a ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, a duba kuncin dama kada lomar ta maƙale a can, don ƙwarewa ɗaya na iya kai abinci huhu. Dokar da ya fi nanatawa ita ce ta kafaɗa.

"Ustaz, wannan hannun kada kowa ya ja shi. Ko kai, ko Hajiya, ko mai zuwa dubiya. Naman da ke riƙe da kafaɗar ya saki, in aka ja gaɓar zamewa za ta yi, ciwon da zai biyo baya kuma shi zai hana shi duk wani motsa jiki."

Ya sa na naɗa wa Baba rawaninsa a ƙugu, nan nake kamawa idan zan tayar da shi. Hannun kuma kullum yana kan matashi, tafin a buɗe.

Wannan dokar ita ta haɗa ni da dangi. Ka san mu da dubiya, kowa da maganin da ya zo da shi. Wasu sun ce iska ce ta buge shi a hanyar gona. Baffa ya kawo wani maɗori da ya ce zai miƙar da hannun da ƙarfi ya kuma yi lalas a kafaɗa. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, tofi da rubutu da man shafawa duk a yi, ba wanda ya hana. Ja da wuta ne kawai likita ya ce a'a." Ya ce wane likita, na cikin waya? Ya yi fushi ya tafi, sai da Inna ta bi shi da ban baki. Maɗorin nan ya iya ɗorin karaya, na sha gani da idona. Amma ƙashin Baba lafiyarsa lau, matsalar tana cikin kai.

Likitan ya yi wa Baba bayanin da ya shige shi. Ya ce idan ruwa ya cinye hanyar gona, ba zama ake yi a jira ta dawo ba, wata ake takawa ta cikin ciyawa, yau a bi gobe a bi har ta fito fili. Wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba zai farfaɗo ba, amma maƙwabtansa suna iya karɓar aikin idan aka yi ta maimaita motsin. An fi samun saurin ci gaba a wata uku zuwa shida na farko, don haka ba lokacin ɓatawa.

Kiran bidiyo kai tsaye bai ɗore ba. Sabis a wajenmu ya fi kyau bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, kuma ko a lokacin hoto yakan daskare Baba na tsakiyar yunƙuri. Jidda tana gabanmu da awa ɗaya, lokacin shi likitan yana shirin fita. Sai muka koma ɗaukar gajeren bidiyo ina tura masa. Nan ma akwai koyo. Waya ba a hannu take ba, ana jingine ta a kan kujera daidai tsayin ƙugu. Rana ta kasance bayan waya. A ɗauka sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta gefe, a naɗe jallabiya har sama da gwiwa don a ga abin da ƙafa ke yi. Nakan hau tudun bayan masallaci in tura, da dare amsa ta zo: saƙon murya, wani lokaci da hoton da ya tsayar daga bidiyon ya ja jan layi a inda kafaɗa ta ɗage ko ƙugu ya karkace.

Motsin farko duk a kan gado ne. Baba ya kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ya ɗaga ƙugu ina danne masa ƙafar dama. Ya juya kansa hagu da dama. Ya sarƙe yatsun hannu biyu, mai lafiyar ya ɗago marar lafiyar a hankali. Daga nan sai zama a bakin gado, ƙanina yana riƙe da kofi yana matsar da shi nesa kaɗan, Baba yana miƙawa ba tare da ya tuntsura ba. Bayan haka aka zo tashi tsaye: ya matso bakin gado, ya ranƙwafo har hanci ya wuce gwiwa, sannan ya miƙe.

Muna kan wannan ne a farkon Fabrairu layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Ba kira, ba saƙo, ba Bankak, manhajar bankin da ake tura kuɗi da ita, ko kuɗin da Yaya ke turowa ya tsaya. Abin da ya rage mana shi ne littafin nan, don duk motsin da aka koya mana nakan zana shi da ɗan mutum-mutumi in rubuta adadinsa. Muka ci gaba da shi safe da yamma ba fashi. Har Baba ya fara miƙewa ba tare da na kama rawani ba, gida ya cika da murna, Inna ta yi sadakar waina.

Da sabis ya dawo na tura bidiyon ina jiran yabo. Amsar da ta zo gajera ce.

"Ustaz, ka sa takarda ƙarƙashin diddigensa na dama, ya tashi tsaye, sannan ka ja ta."

Na yago shafi daga littafin na zura. Baba ya miƙe, na ja, takarda ta fito sumul ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ashe duk tsayuwar nan a kan ƙafar hagu kaɗai ake yin ta, ta dama taɓa ƙasa kawai take. Mu da muke tare da shi dare da rana ba mu gani ba, wanda ke Jidda ya gani cikin bidiyon da bai kai minti ɗaya ba. Ya ce daga yau idan zai tashi, ƙafar dama a ja ta baya kaɗan, ta hagu a tura ta gaba, dole nauyi ya sauka a kan mai raunin. Baba ya tsani wannan, yana huci yana harara ta. Takardar ta zama awonmu na kullum. Ranar da na ja ta yage, shi da kansa ya yi dariya da rabin bakinsa.

Tun daga nan na fahimci abin da ake biya a wannan aiki. Motsin kansa ba wani asiri ba ne, bidiyonsa ya cika intanet. Idon da zai ce maka ba haka ba, shi ne ba mu da shi a ƙauye. Likitan ya ba ni labarin gwaji biyu. A Indiya an koya wa iyalan majinyata yadda za su yi musu gashi a gida, cikin gwajin da ya ƙunshi mutum 1,250 aka wallafa a 2017, bayan wata shida ba a ga sun fi waɗanda aka bari da kulawar da aka saba ba. A Amurka kuma, a 2019, an raba mutum 124 gida biyu, wasu na zuwa asibiti wasu na yi a gida likita yana bibiyarsu ta bidiyo, hannuwansu suka samu sauƙi kusan daidai. Su can suna da na'urori da intanet ɗin da ba mu da su, ba na haɗa kaina da su. Amma a ganina darasin a fili yake: koya wa iyali a sallame su bai isa ba, sai da mai dawowa yana dubawa yana gyarawa.

Magana ita ce ta fi ci mana rai. Baba yana gane yawancin abin da aka faɗa, amma idan zai ce ruwa sai ya ce gona, ya ji da kunnensa ba daidai ba ne, ya buga gado da hannun hagu. Sunana ma ya ɓace masa. Wata magariba ina salla kusa da shi na ɗaga murya da Fatiha, sai na ji ya kama, ya bi ni har ƙarshe ba gargada. Na sallame jikina yana rawa. Likitan ya ce wannan sananne ne, abin da harshe ya haddace tun yarinta, kamar ƙirga da addu'a da gaisuwa, yakan tsira ko da sauran magana ta rushe. Ya ce gyaran magana fanni ne dabam ba nasa ba, masu shi kuma ko kafin yaƙi ƙalilan ne, amma ya ba mu abin da ya sani: a yi masa gajeriyar magana, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi zaɓi biyu, kada a riga shi ƙarasa kalma. Inna ce ta ɗauki wannan. Takan zauna da tire ta ɗaga abu. "Malam, shayi ko gahawa?" Hausa ta riga Larabci dawowa, don haka har yau ni ne tafinta tsakaninsa da likitan, wanda ba ya jin komai a Hausa sai sannu.

Akwai lokacin da Baba ya juya fuska bango ya ƙi komai. Kuka yake zuwa masa ba dalili, dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba. Likitan ya ce kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma in ya yi nisa shi ma magani ake nema masa. Ya tambaye ni a ina Baba ke yini. Na ce a ɗaka, don kada mutane su gan shi haka. Ya ce a fito da shi. Muka mayar da kujerarsa rumfar ƙofar gida inda abokansa ke shan gahawa bayan la'asar. Ba ya cewa komai, amma da aka fara musun farashin riɗi sai ga shi yana girgiza kai yana nuna wanda ya yi ƙarya.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, zafi ya fara tsananta, Baba ya kafe sai ya yi. Mu ba mu isa ba, sai da Liman ya zo da kansa ya tuna masa rangwamen da aka yi wa mara lafiya. Salla kuwa likitan ya mayar da ita cikin aikin. Yana yin ta a kan kujera, amma kabbarar farko a tsaye, nauyi a kan ƙafa biyu. A alwala hannun dama shi ma sai ya shiga ruwa, ko da na hagu ne ke ɗauke da shi. Inna ta rage gishiri da dunƙule, ta daina sa busasshen kifi mai gishiri a miyarsa, abin da har yanzu bai yafe mata ba.

Tafiya ta fara ne tsakanin sanduna biyu da ƙanina ya kafa a tsakar gida bisa awon da aka turo mana, daidai tsayin ƙugu. Daga nan sai sanda. Silifas an hana, sai takalmi mai maɗauri a diddige. Bayan gida shi ne babban buri a wajen Baba, ya fi masa zuwa gona muhimmanci, don ba abin da ke karya zuciyar uba kamar ɗansa ya riƙa yi masa tsarki. Tsuguno ba zai yiwu ba, sai kafinta ya huda kujerar katako muka ɗora a kan masai, aka kafa ƙarfe a bango ta hagu. Ranar da ya shiga shi kaɗai ya ja ƙyaure, ni da Inna muka tsaya nesa kamar ba mu lura ba.

Hannu shi ne bai bi sahu ba. Mun yi da madubin Inna, a ɓoye na dama a bayansa ya riƙa kallon na hagu yana motsi. Mun yi da kofi, da dabino, da carbi. Yanzu yana iya danne takarda ko riƙe kwano idan an sa masa, amma yatsun ba sa buɗewa da kansu, kuma sun fara ƙanƙamewa, kullum sai an miƙar da su a hankali. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ƙafa ta fi hannu saurin dawowa, wataƙila a nan zai tsaya, wataƙila ya ƙara kaɗan. Da aka zo gyaran rufin ɗaki kafin ruwa, Baba yana zaune yana kallon samari, ya ɗaga na hagun ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita ce jimla mafi tsawo da ya haɗa tun Janairu, ban san ko in yi dariya ba.

Labari ya bazu, wata mata daga ƙauyen gaba ta aiko ɗanta in tura masa bidiyoyinmu, uwarsa ma ɓarin jikinta ya mutu. Na tambayi likitan ya ce kada in tura. Ita hagunta ne ya mutu, kuma ɗan ya ce tana cin rabin kwano ta bar rabin hagu kamar ba ta gan shi ba, wannan matsala ce dabam da ta Baba, abin da ya yi masa amfani zai iya kayar da ita. Ya haɗa su da wata abokiyar aikinsa mace, don tsohuwar ba za ta naɗe zane a gaban namiji ba ko da ta waya ne. Abin da na koya wa yaron shi ne inda zai jingine waya da yadda ake kama rawani.

Akwai kuma abin da waya ta kasa. Ƙafar Baba ta dama tana faɗuwa idan ya ɗaga ta, yatsun suna jan ƙasa, ya sha tuntuɓe a dokin ƙofa. Likitan ya ce yana buƙatar takalmin roba mai tallafe idon sawu, wanda sai an auna ƙafar da hannu a ƙera daidai ita, shi kuma ba zai iya jin taurin jijiyar daga Jidda ba. Ruwa ya riga ya sauka, hanya ta rufe, kuma tun da garin Sinja ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024 Gadarif ta ƙara cika da 'yan gudun hijira. Baduku ya ɗinka masa wani maɗauri daga takalmi zuwa ƙwauri, likitan ya duba bidiyo ya ce a lallaɓa da shi a tsakar gida kawai, ban da laka. Yaya ya fara tara kuɗin mota, idan ƙasa ta bushe bayan yankan riɗi za mu kai shi gari a auna ƙafar.